Layin Dogon Da Ba Ya Zuwa Ko'ina

A wani shimfiɗaɗɗen fili na Jamhuriyar Cek, kimanin kilomita 50 gabas da birnin Prague, akwai wani ƙauye ana ce da shi Sokolec. Da wuya a sami waɗanda suka fi mutanen ƙauyen nan ganin sababbin jiragen ƙasa, amma jiragen ba sa tsayawa su ɗauki kowa a cikinsu. Layin dogo ne ya kewaye ƙauyen da gonakinsa kamar zobe, duk mai shiga da mai fita sai ya ƙetare shi. Jirgi yakan wuce da gudu, bayan 'yan mintoci shi ɗin ya sake wucewa, haka zai yi ta yi har rana ta faɗi, wani lokaci ma har cikin dare. A kan kujerunsa kuwa babu fasinja, sai buhunan yashi ko tankunan ruwa, da tarin wayoyi, da waɗansu injiniyoyi da suka zuba wa allon kwamfuta ido.

Wannan wuri shi ne filin gwajin jiragen ƙasa na Velim, ɗaya daga cikin 'yan wuraren da aka keɓe a duniya domin a wahalar da sabon jirgi tun kafin a yarda ya ɗauki rai ko kaya. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin tambaya shi ne, ina za a gwada abin da tsawonsa ya kai mita 200, nauyinsa tan ɗari huɗu ko fiye, wanda kuma idan yana gudun kilomita 300 a sa'a sai ya ci fiye da kilomita uku kafin birki ya tsai da shi?

DALILIN ZOBE

Mai karatu zai iya cewa, ai layin dogo na nan birjik, me ya hana a gwada jirgi a kansa? Amsar ita ce layin jama'a yana da masu shi. Akwai jirgin fasinja mai lokaci, akwai na kaya, akwai ma'aikatan gyara. Idan sabon jirgi ya lalace a tsakiyar hanya, wanda kuwa abu ne da ake sa ran faruwarsa a lokacin gwaji, to ya tare wa dubban mutane hanya ke nan. Bayan wannan, doka a ƙasashen Turai ba ta yarda jirgi ya hau layin jama'a haka kawai ba sai an tabbatar birkinsa na kamawa, kuma wutar injinsa ba ta rikita na'urorin ba da hannu na kan hanya. Tabbatar da haka kuwa ba ya yiwuwa sai jirgin ya yi gudu. Zoben gwaji shi ya warware wannan ƙulli.

Amfanin zobe kuma a fili yake: ba shi da ƙarshe. Babban zoben Velim, wanda aka gama a 1963 zamanin ƙasar tana Cekoslobakiya, tsawonsa kilomita 13 da mita 276. Jirgin da ke gudun kilomita 200 a sa'a yana kewaye shi cikin minti huɗu. Idan ya riƙe wannan gudu sa'a takwas ya yi kilomita 1,600 ke nan, watau ya zarce nisan Kano zuwa Legas, alhali kuwa bai yi nisa da rumfar makanikansa ba. In wani abu ya karye, a janyo shi a gyara, gobe a ci gaba. Kuma da yake kwana ɗaya yake bi, da miƙaƙƙen layi ɗaya, sau ɗari ko sau dubu, injiniya na iya sauya abu guda kaɗai, misali taurin sifirin, sa'an nan ya ga bambancin da hakan ya kawo ba tare da wani abu dabam ya shiga lissafin ba.

An yarda jirgi ya kai gudun kilomita 210 a sa'a a kan babban zoben, irin jiragen da ke karkata jikinsu a kwana kuwa har 230. A 1971 aka ƙara ƙaramin zobe mai tsawon kilomita 3 da mita 951, wanda aka cika shi da matsattsun kwanoni da gangan, domin a ga yadda ƙafafun jirgi ke cin ƙarfen dogo inda hanya ta murɗe. Wurin mallakar cibiyar binciken reluwe ta ƙasar ne, wadda ake taƙaita sunanta VUZ, ita kuwa reshe ce ta kamfanin jiragen ƙasa na gwamnatin Cek. Amma ƙofarta a buɗe take ga kowane kamfani da zai biya kuɗin haya, shi ya sa akan ga jiragen kamfanonin da ke gasa da juna suna jiran layi a wuri ɗaya.

Akwai wani abu da ya ƙara jawo wa Velim kasuwa, shi ne sha'anin lantarki. Ƙasashen Turai kowace ta ja wa jiragenta wuta a zamaninta, bisa ra'ayin injiniyoyinta, ba tare da shawartar maƙwabta ba. Jamus da Austiriya da Suwizalan suna amfani da wuta mai kai-da-komo ta volt 15,000. Arewacin Faransa da yawancin layukan Ingila masu waya a sama volt 25,000. Italiya da Beljiyam da Polan sun fi dogara ga wuta miƙaƙƙiya, irin ta batir, mai volt 3,000, Holan da kudancin Faransa kuwa 1,500. Ita kanta ƙasar Cek a rabe take, arewa da irin tata, kudu da irin tata. Kan jirgin da ake so ya ja kaya daga tashar ruwa ta Rotterdam zuwa Italiya tilas ya iya shan wuta iri-iri. A Velim ana iya sakar wa wayar zoben kowace daga cikin waɗannan, saboda haka jirgi yakan "ƙetare iyakar ƙasa" sau da yawa a yini ɗaya yana kewaya gonakin Sokolec. A can aka kai jirgin AGV na kamfanin Alstom a 2008, da jirgin Coradia iLint mai aiki da iskar haidurojin kafin ya fara ɗaukar fasinja a Jamus a 2018, da sabon jirgin Faransa mai sauri, TGV M, a ƙarshen 2022.

ABIN DA AKE NEMA

Don a gane abin da injiniyoyin ke tsoro, sai a dubi ƙafar jirgi. Ba a miƙe take ba kamar gwangwani. An sassaƙa ta da ɗan gangare, gefen ciki ya fi na waje kauri, kuma ƙafar dama da ta hagu a haɗe suke da sandar ƙarfe ɗaya, tare suke juyawa. Idan jirgi ya shiga kwana sai ƙafafun su ɗan zame waje, ta waje ta hau kan kaurinta, ta ciki ta sauka kan sirantarta, da haka ta waje ke cin tafiya mafi tsawo, jirgin ya juya da kansa ba sitiyari. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma tana da aibi. A miƙaƙƙen layi ƙafafun sukan riƙa rangaji, dama da hagu, suna neman tsakiya. A ƙaramin gudu rangajin yakan mutu da kansa. Amma kowane jirgi yana da wani gudu wanda in ya wuce shi rangajin sai ya riƙa ƙaruwa, har leɓen ƙafar ya dinga dukan ƙarfen dogo, daga nan kuwa sauka daga layi ba ta da nisa. Wannan matsala ta daɗe tana ɗaure wa masana kai, sai a shekarun 1960 masu bincike a Japan da garin Derby na Ingila suka fahimci lissafinta sosai. Yau kwamfuta na iya faɗin inda wannan gudu yake tun jirgi na kan takarda, amma hukumomi ba sa karɓar maganar kwamfuta kaɗai.

Saboda haka akan sa wa jirgin gwaji ƙafafu na musamman waɗanda aka manna musu na'urorin auna matsi. Su ke faɗin ƙarfin da ƙafa ke danna dogo ƙasa, da ƙarfin da take tura shi gefe. Idan turin gefe ya yi yawa bisa ga dannin ƙasa, ƙafar na iya hawa kan ƙarfen ta faɗa waje. Duk wannan nauyi kuwa, wurin da ƙafa ke taɓa dogo bai fi faɗin farcen babban yatsa ba. Ƙa'idar da ake bi a Turai ita ce a gwada jirgi da gudun da ya zarce iyakar gudunsa na aiki da kashi 10 cikin 100. Wanda zai yi 200 sai ya nuna natsuwa a 220.

Birki ma haka. Akan gwada shi jirgi ba kaya, a gwada shi cike da buhunan yashi daidai nauyin fasinjoji, a gwada shi an kashe wani sashe nasa da gangan. Har ruwan sabulu akan fesa a gaban ƙafafu domin dogo ya yi santsi kamar ranar da ruɓaɓɓen ganye ya zuba a kansa, a ga ko na'urar hana zamewa za ta yi aikinta. Ƙafar da ta tsaya cak tana gogar dogo takan sami shafaffen wuri, ta riƙa buga ƙarfe a kowane juyi. Sauran abubuwan dubawa suna da yawa, tun daga hannun ƙarfen da ke saman jirgi mai shafar wayar lantarki, zuwa ƙara, da ƙofofi, da banɗaki. Amma gwajin da ya fi cin lokaci shi ne wanda ba shi da ban sha'awa ko kaɗan, watau a yi ta kewaya, dubban kilomitoci, ana jiran a ga abin da zai fara sakwarkwacewa.

TUN DAGA RAINHILL

Al'adar ba sabuwa ba ce. A watan Oktoba na 1829, masu gina layin Liverpool zuwa Manchester a Ingila suka rasa tabbacin irin injin da za su saya, sai suka sa gasa a wani wuri ana ce da shi Rainhill, da ladan fam 500. An keɓe ɗan guntun layi da bai kai mil biyu ba, aka ce kowane inji ya yi ta kai da komowa a kansa yana jan kaya, da gudun da bai gaza mil 10 a sa'a ba. Biyar suka shiga, har da wani wanda doki ne ke taka shi. Injin George Stephenson da ɗansa Robert, mai suna Rocket, shi kaɗai ya kammala.

Zobe na dindindin kuwa Rasha ce ta yi fice da shi tun da wuri. A 1932 aka buɗe na Shcherbinka kusa da Mosko, cikakkiyar da'ira mai kilomita 6. Ƙasar Sin ta gina nata mai kilomita 9 a gefen birnin Beijing a 1958. Romaniya na da nata a Faurei, Polan a Zmigrod. Ba abin mamaki ba ne da yawancin tsofaffin zobban nan suke a ƙasashen da suka yi mulkin gurguzu, domin a can gwamnati ce mai layi, ita ce mai masana'anta, ita ce kuma mai ƙasa, yanka fili ba ya ba ta wuya.

A Jamus kamfani ne ya gina nasa. Siemens ya karɓi wani tsohon sansanin sojan saman Ingila a Wildenrath, kusa da iyakar Holan, bayan sojan sun tashi a 1992, ya buɗe filin gwaji a wurin a 1997. Babban zobensa ya ɗan haura kilomita 6, ana gudun kilomita 160 a sa'a, akwai kuma ƙarami domin jiragen cikin gari.

AMURKA DA NAUYIN KAYA

Wanda ya fi su duka faɗin ƙasa yana jihar Colorado ta Amurka, a wani busasshen daji kusa da garin Pueblo. Gwamnatin tarayya ta buɗe shi a 1971 a kan fili mai murabba'in mil 52, da layukan gwaji kusan mil 50. Asalin niyyar ita ce binciken jirage masu tsananin sauri, har a 1974 wata motar gwaji ta kai mil 255 a sa'a a kan dogo. Babban zobensa mai mil 13 da rabi yana ɗaukar gudun mil 165 a sa'a, a kansa aka gwada jiragen Acela masu zirga-zirga tsakanin Washington da Boston, na farko wajen 1999, sababbin kuma a 2020.

Amma arzikin reluwen Amurka a kaya yake, gawayi da hatsi da kwantena, saboda haka aikin da ya fi yi wa Pueblo suna a wurin masana shi ne na wani ɗan ƙaramin zobe mai mil 2.7. An riƙa sa wani dogon jirgin kaya, an loda shi maƙil, yana kewaya zoben dare bayan dare da gudun mil 40 a sa'a. A nan ba jirgin ake jarrabawa ba, hanyar ake jarrabawa. An shimfiɗa ƙarafan dogo na kamfanoni dabam-dabam, da gungumen ƙarƙashi na katako da na kankare, da tsakuwa iri-iri, da gadoji, da walda. Lalacewar da layin jama'a zai yi shekaru kafin ya nuna, sai a gan ta cikin watanni. Da safe ma'aikata su bi layin a ƙasa suna auna abin da ya zaizaye da abin da ya tsage. A 1988 aka ƙara nauyin da kowace sandar ƙafafu ke ɗauka daga tan 33 zuwa 39, don a san abin da zai sami hanya idan kamfanoni suka ƙara wa taragunsu lodi. Ƙungiyar kamfanonin reluwe ta Amurka ce ta riƙe ragamar wurin daga 1982, har zuwa 2022 da gwamnati ta miƙa shi ga wani kamfani mai suna ENSCO.

A Pueblo ɗin kuma akan yi abin da ba za a taɓa yi a layin jama'a ba, watau a sako tarago ya yi karo da katanga ko da wani jirgi, an zaunar da mutum-mutumi a kujeru, don a ga inda ƙarfe zai lanƙwashe. Sai dai karon da ya fi shahara a Ingila aka yi shi, a layin gwaji na Old Dalby, wani tsohon layi mai mil 13 da rabi da aka daina amfani da shi. A lokacin jama'a na nuna tsoro game da akwatunan ƙarfe da ake ɗaukar dattin makamashin nukiliya a cikinsu ta jirgin ƙasa. Ran 17 ga Yuli, 1984, hukumar lantarki ta ƙasar ta gicciye ɗaya daga cikin akwatunan a kan layi, aka sako kan jirgi da taragu uku, ba direba, da gudun kusan mil 100 a sa'a, a gaban 'yan jarida da masu ɗaukar hoton talabijin. Kan jirgin ya yi kaca-kaca, akwatin kuwa bai fashe ba.

ƊAKIN ZAFI DA SANYI

Zobe na ba da gudu, amma ba ya ba da yanayi sai wanda Allah Ya saukar a ranar. Domin wannan sai a tafi birnin Viyana na Austiriya, inda tun 1961 ake da ɗakin gwajin yanayi, aka kuma buɗe sabo a 2003. Babban ɗakin tsawonsa mita 100, yana ɗaukar taragu da dama. Ana iya saukar da sanyinsa zuwa digiri 45 ƙasa da sifiri, ko a ɗaga zafinsa zuwa digiri 60. Akwai fanka mai kaɗo iskar da ta kai kilomita 300 a sa'a, da bututun fesa ruwan sama da dusar ƙanƙara, da jerin fitilu masu gasa jikin jirgi kamar ranar tsakiyar bazara. A kan kujeru akan shimfiɗa tabarmin lantarki masu fitar da ɗumi, da na'urorin fitar da tururi, a madadin jiki da numfashin fasinjoji, don a ga ko na'urar sanyaya ɗaki za ta iya da tarago cike da mutane. A nan ake gane ƙofar da ke ƙin buɗewa in ƙanƙara ta kama ta, da gilashin direba da ke yin hazo.

Wanda ya raina irin wannan gwaji sai ya tuna da jirgin Fyra. Holan da Beljiyam suka sayi sababbin jirage masu sauri domin hanyar Amsterdam zuwa Brussels, suka fara aiki a Disamba 2012 bayan jinkirin shekaru. Da dusar ƙanƙara ta sauka a Janairu 2013, ƙanƙara ta riƙa taruwa a ƙarƙashinsu tana yi musu ɓarna, har aka tsinci wani faifan ƙarfe na ƙasan jirgi a kan layi. Kimanin kwana arba'in kacal suka yi aiki aka dakatar da su, ba su sake ɗaukar fasinja a wannan hanya ba, majalisar dokokin Holan kuma ta kafa kwamitin bincike. Ma'aikacin gwamnati da ke sa hannu a takardar sayen kaya zai amfana da nazarin wannan labari fiye da injiniya, domin tambayar da aka yi ta nanatawa ita ce, wa ya karɓi jiragen, kuma bisa wace shaida.

RAN DA GWAJI YA GAZA

Mafi munin abin da ƙarancin gwaji ya haifar a zamanin nan ya faru ne a Jamus. Jiragen ICE na farko, da suka fara aiki a 1991, suna da wata girgiza mai damun fasinja, musamman a taragon cin abinci. Sai aka sauya musu ƙafafu, aka sa waɗansu masu zoben roba tsakanin jikin ƙafar da bakin ƙarfenta na waje, irin waɗanda aka saba sa wa ƙananan jiragen cikin gari masu tafiya a hankali. Girgiza ta tafi. Amma ba a yi wa ƙafafun cikakken gwajin gajiyar ƙarfe a irin wannan gudu ba. Ran 3 ga Yuni, 1998, bakin wata ƙafa ya tsage a jirgin da ya taso daga Munich zuwa Hamburg yana gudun kilomita 200 a sa'a. Kusa da garin Eschede jirgin ya sauka daga layi, ya bugi ginshiƙin wata gada, gadar ta rufto a kan taragu. Mutum 101 suka rasu. Bayan haka aka koma wa ƙafafun ƙarfe zalla.

Shi kansa gwajin yana cin rai. A yankin Emsland na Jamus an gina layin gwaji mai kimanin kilomita 31 domin jirgin Transrapid, wanda ba shi da ƙafafu, maganaɗisu ne ke ɗaga shi. Ran 22 ga Satumba, 2006, jirgin ya tashi ɗauke da baƙi alhali motar ma'aikatan share layi na kan hanya, mutum 23 suka mutu. Laifin na mutane ne, ba na injin ba, amma wurin bai farfaɗo ba, an rufe shi a 2011. Japan kuwa ta ci gaba da nata binciken a layin gwaji na Yamanashi mai kusan kilomita 43, inda jirgin maganaɗisu ya kai kilomita 603 a sa'a ran 21 ga Afrilu, 2015.

Jirage masu gudun 300 ko fiye sun fi ƙarfin zoben Velim, saboda haka ƙarshen gwajinsu a kan ainihin layi ake yi, da dare ko kafin a buɗe shi ga jama'a. Haka Japan ta yi a 1962 da 1963 a wani sashe na layin Shinkansen kafin buɗe shi a Oktoba 1964, haka kuma Faransa ta yi ran 3 ga Afrilu, 2007, sa'ad da jirgin TGV ya kai kilomita 574.8 a sa'a a sabon layin gabashin ƙasar. A kashi na biyu na wannan layin ne aka yi rashi ran 14 ga Nuwamba, 2015. Domin a zarce iyakar gudu da kashi 10 ɗin nan, an kashe na'urar da ke taka wa jirgi birki da kanta, aka bar lissafi a hannun mutanen da ke gaban jirgi. An makara wajen taka birki, jirgin ya shiga wata kwana kusa da Eckwersheim da gudun da ya fi ƙarfinta, ya kife, wani sashensa ya faɗa cikin mashigin ruwa. Cikin mutum 53 da ke ciki, har da baƙin da aka gayyato kallo, 11 suka rasu.

YASHI DA ƘURA

Alhazan da suka hau jirgin Haramain tsakanin Makka da Madina sun hau jirgin da aka ƙera a Sifen, ƙasar da ba ta san guguwar yashi irin ta Hijaz ba. Layin, mai kimanin kilomita 450, an buɗe shi a 2018 bayan an shafe watanni ana gwada jiragen kamfanin Talgo a kansa ba fasinja. An ƙarfafa musu na'urorin sanyaya ɗaki da matatun iska, domin yashi na shiga inji, yana kuma cin ƙafa da dogo kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa.

A Nijeriya ma a kan layin da jirgi zai yi aiki ake gwada shi. Layin Abuja zuwa Kaduna, mai kilomita 186, an yi ta gwaji a kansa kafin ƙaddamar da shi a Yuli 2016. Na Legas zuwa Ibadan ya fara zirga-zirgar gwaji a Disamba 2020, aka buɗe shi a hukumance a Yuni 2021. Jiragen duka daga ƙasar Sin aka kawo su, kuma ba za su iya hawa tsohon layin da ya iso Kano a 1911 ba, domin faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, sabon kuwa ƙafa huɗu da inci takwas da rabi. Irin wannan gwaji na 'yan makonni yana nuna ko jirgi ya dace da tasha, ko birki na kamawa, ko direbobi sun san hanya. Abin da ba ya nunawa shi ne halin da matatar iska za ta shiga bayan hunturu uku na ƙura, ko yadda roba da na'urorin lantarki za su jure zafin watan Afrilu shekara bayan shekara. Wannan sai dai a nema a cikin takardun gwajin da mai ƙera jirgi ya yi a ƙasarsa, a kuma rubuta shi cikin sharuɗɗan kwangila tun kafin a biya kuɗi. Layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, an tsara shi ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, inda ƙura da zafi suka fi na Abuja da Ibadan nesa ba kusa ba.